Windows da Linux a kwamfuta ɗaya: yadda muka yi a shagona na Wadata

Shagona ƙarami ne, kusa da kasuwar Wadata a Yamai. Aikina buga takardu da fitar da su a firinta: takardar neman aiki, katin ɗaurin aure, kundin ƙarshen karatu na ɗalibai. Kwamfutar ta tafi-da-gidanka ce, ta kwana biyu, batirinta ba ya kai minti biyar in an ɗauke kuran. Wanda ya san Afrilu da Mayu a garin nan ya san abin da nake nufi. Fanka na tsayawa sai in shiga tsere da batir, in ajiye aikin mutane, in rufe, in kashe ta kafin ta mutu da kanta.

Ga kuma kile USB na jama'a. Da yawa suna zuwa da cutar nan mai ɓoye fayiloli, mai kile ya rantse aikinsa na ciki, kai kuma ba ka ga komai ba. Ɗan yayata, ɗalibi a Jami'ar Abdou Moumouni, shi ya ce mini: "Kawu, mu sa maka Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta na daban, gefen Windows. Ka riƙa buɗe kile a can, cutar Windows ba ta tashi a cikinsa." Na yarda, don dama Microsoft ta daina sabunta Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kwamfutar kuma ba ta da TPM 2.0, na'urar tsaron da Windows 11 ke nema. Barin Windows gaba ɗaya ne ba zan iya ba, saboda Word da firinta.

Sakawar ba ta ba mu wuya ba. Muka kwashe komai zuwa wani faifai na waje, muka rage wa Windows giga 60, muka zuba Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux, a kile da manhajar Rufus. Kafin La'asar, allon GRUB, mai fitowa in an kunna kwamfuta, na tambayata wanne zan shiga.

Kwana uku bayan haka abin ya ɗaure mini kai. Wata ɗaliba ta kawo kundinta. Na kashe Windows, na shiga Ubuntu, na buɗe kile ɗinta lafiya, amma da na zo ajiye fayil ɗin a ɓangaren Windows sai ya ƙi. Ina ganin komai, ban iya rubuta ko harafi ɗaya. Tana tsaye da jaka a kafaɗa, mai kabu-kabu na jiranta a bakin titi. Na kira yaron a waya.

"Kawu, kada ka tilasta shi," in ji shi. "Windows ɗinka bai mutu ba, barci yake."

Ashe tun Windows 8, a 2012, akwai wani tsari da allonmu na Faransanci ke kira démarrage rapide, wato saurin tashi. In ka danna kashewa, Windows yana rufe manhajojinka, amma zuciyarsa yana naɗe ta a fayil mai suna hiberfil.sys don ya farka da sauri. Faifan yana nan a hannunsa ke nan. Linux ya ga haka sai ya buɗe shi don karatu kawai, kuma gaskiyarsa ce: in ya rubuta wani abu, Windows ya farka da tsohon lissafinsa, fayiloli na iya lalacewa. Ranar dai na koma Windows, na riƙe maɓallin Shift na danna kashewa, wanda ke kashe ta har lahira, aikin yarinyar ya shiga. Da dare muka cire tsarin daga saitin wuta. Umarnin powercfg /h off ma yana yin haka.

Sai tashin kwamfutar ya koma na tsohuwar mota. A nan na daina neman dabara, na sayi faifan SSD, mai sauri, na maye gurbin tsohon mai juyawa. A ganina duk mai irin sana'ata da nan ya kamata ya fara, domin kashewa da kunnawa duka sun sauya a rana ɗaya.

Ubuntu ma ya zo da nasa. Wani lokaci in na kashe shi sai ya tsaya cik, tambari na kallona, batir na zuba. Na danna Esc na ga yana ƙirga daƙiƙa 90, iyakar da systemd, mai kula da tashi da rufewar manhajoji a Ubuntu, ke bai wa duk manhajar da ta ƙi rufewa. Mai laifin cups-browsed ne, mai neman firintoci a kan hanyar sadarwa. Tawa da waya take haɗe, don haka muka dakatar da shi. Yaron ya so ya mai da DefaultTimeoutStopSec, saitin wannan jiran, daƙiƙa 5, na ce a'a, a bar shi a 20. Manhajar da ke tsakiyar rubutu a faifai ba a fizge ta, balle takardun da ke ciki ba nawa ba ne.

Na ƙarshe agogo ne. Duk sanda na dawo Windows daga Ubuntu sai in tarar ya koma baya da awa ɗaya cif, har wata rana maƙwabcina tela ya leƙo ya ce, "Malam, an kira Azahar fa," allo kuma na nuna da saura. Dalilin shi ne Linux yana ajiye lokacin UTC, wato agogon GMT, a agogon cikin na'ura, Windows kuma yana ɗaukarsa a matsayin lokacin gida, Nijar kuwa tana gaban UTC da awa ɗaya. Layi ɗaya ya gyara shi: timedatectl set-local-rtc 1.

Jiya da rana kuran ya sake tafiya ina tsakiyar buga katin suna. Na ajiye, na kashe, allo ya yi baƙi batir na nuna kashi 60.