Talata, maganar Kaka

Wallahi ban yi niyyar rubuta komai yau ba, har na kwanta, amma maganar da Kaka ta yi ɗazu bayan la'asar ta hana ni barci, shi ne na tashi.

Da safe ba wani labari. Makaranta, 'yan aji uku da surutunsu, rana ta buɗe tun ƙarfe goma. Na dawo na tarar Inna ta yi dambu da zogale, na ci har na ƙara.

Kun san dai tun watan jiya nake fama da Iliyad ɗin nan, waƙar Girkawa ta yaƙin Turoyi da ake jinginawa Homa, tun wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kashi 24 ce, layi sama da 15,000, kuma duk tsawon nan 'yan makonni kawai ta ɗauka daga shekara ta goma ta yaƙin. Yau na gama ta. Dokin katakon nan da kowa ya sani, wanda Girkawa suka ɓuya a cikinsa suka ci garin Turoyi, ma ba ya ciki, a jana'izar Hekta, jarumin Turoyi kuma ɗan sarkinsu, aka tsaya.

Na fito tsakar gida idona ja, Kaka na kan tabarma tana tsintar wake, ta ce ke kishiya wa ya taɓa min ke. Na ce littafi ne Kaka. Ta ce to zauna ki ba ni in ji, shi ne na zauna ina taya ta tsinta ina ba ta.

Na fara mata da inda Hekta ya haɗu da matarsa Andiromaki a ƙofar gari, mai reno na riƙe da ɗansu. Ita wannan baiwar Allah Akilis, babban jarumin Girkawan da ke yaƙar garin, ya riga ya kashe ubanta, ya kashe 'yan'uwanta maza bakwai rana ɗaya, uwarta ma ta rasu, to ba ta da kowa sai shi, kuma ta faɗa masa hakan, ta ce shi ne uban shi ne uwar shi ne ɗan'uwan. Ta roƙe shi ya tsaya kan ganuwa, har dabara ta ba shi, ya tara mayaƙa kusa da itacen ɓaure inda katangar ta fi sauƙin hawa don abokan gaba sun gwada wurin har sau uku. Shi kuma ya ce kunyar mutanen gari ba za ta bar shi ba. Abin da ya fi ci min rai, da bakinsa ya ce ya san garin zai faɗi, ya san za a tafi da ita baiwa tana ɗebo wa wata ruwa tana yi mata saƙa, amma duk da haka ya tafi. Ya miƙa hannu zai ɗauki yaron, yaron ya tsorata da hular ƙarfe mai gashin doki ya fashe da kuka, suka yi dariya su biyu, ya cire hular ya ɗauke shi ya yi masa addu'a, sannan ya ce mata ta koma gida ga saƙarta, yaƙi na maza ne.

Ranar da Akilis ya kashe shi kuwa ba wanda ya gaya mata, tana ɗaka tana saƙa, ta ma sa an ɗora babbar tukunya a wuta don ya dawo ya yi wanka da ruwan zafi, sai koke-koke ta jiyo daga kan ganuwa. Nan ne na yi kukan.

Ana haka Yaya ya shigo daga masallaci ya tsinci ƙarshen labarin, ya ce ai Hekta ya yi daidai, in babban ɗan sarki bai fita ba wa zai fita. Na ce Yaya ba fa cewa ta yi ya gudu ba, shawara ta ba shi ya ƙi ko dubawa. Muka ɗan ja, Kaka ba ta tanka ba, can sai ta ce, to an kawo mata gawar?

Na ce an kawo. Na ba ta yadda Akilis ya ɗaure gawar a keken doki yana ja saboda haushin abokinsa Fatarokilas da Hekta ya kashe, har kwana 12, sai tsoho Firiyam uban Hekta ya bi dare da kayan fansa ya shiga har tantin Akilis, ya durƙusa ya sumbaci hannun da ya kashe masa 'ya'ya, ya ce ya tuna da nasa uban. Suka yi kuka tare, suka ci abinci, aka wanke gawar aka ba shi, aka tsayar da yaƙi don a yi jana'iza. Matar ta riƙe kan mijinta tana kukan bai mutu a gado ba balle ya bar mata wata kalma da za ta riƙa tunawa.

Kaka ta ce, ai wannan ta gode Allah, ta ga nata.

Na san Kaka ta yi wani aure kafin kakanmu, amma ban taɓa jin komai a kai ba sai yau. Soja ne, aka tafi da su yaƙin basasa a 1968, tana amarya ko shekara ba ta cika ba. Wani ne ya zo ya gaya wa surukinta a zaure, shi ke nan. Ba gawa, ba kabari, ba wanda ya ce ga inda ya faɗi. Aka yi masa salla, ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, amma ta ce har bayan an gama yaƙin a 1970 sojoji na dawowa, in aka yi sallama a ƙofar gida sai gabanta ya faɗi, don wanda ba ka ga gawarsa ba zuciya ba ta yarda. Ta faɗa tana tsintar wakenta, ko murya ba ta sake ba. Yaya ya yi shiru ya shige ɗaki.

Tun ɗazu nake juya abin. Ni ruwan wankan ne ya tsaya min, ita kuma gawar ta tambaya. Kuma Homa ma can ya nufa, bai rufe waƙar da cin gari ba, kashi na ƙarshe gaba ɗaya a kan mayar wa mutane mamacinsu ya ƙare, har kwana tara da aka yi ana tara itace sai da ya faɗa. Har yanzu ina jin haushin Hekta, wannan bai tafi ba, amma yanzu tsohon nan da ya bi dare nake ta gani, da surukin Kaka da bai samu inda zai je ya durƙusa ba.

Yaya ya ce in ba shi aron littafin. Takardun jarrabawa na nan ban duba ko ɗaya ba.

Gobe in na dawo zan tambayi Inna ko ta san sunan mutumin da garinsu, don Kaka kam ba za ta kira sunansa ba, kuma ina son in riƙa sa shi a addu'a.