Shekara uku ina ɗaukar hoton sararin ƙofar gidanmu

Hoton ruwan sama na farko da na ɗauka babu ruwa a cikinsa. A watan Agusta ne, tsakiyar marka, ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya a gidanmu da ke gefen garin Gezawa. Na tsaya a bakin zaure na danna waya ya fi sau ashirin. Da na duba, katangar maƙwabta ce kawai a jiƙe, sai sama fari fat. Abin ya tsaya mini a rai, domin idona ya ga ruwan, kunnena ya ji shi, amma hoton ya ƙi ba da shaida.

Wani dattijo mai shagon hoto, wanda ya fara sana'ar tun zamanin fim da ɗakin wanki, shi ya warware mini. Ya duba hotunan ya ce, "Ɗana, kyamara ba ta san ruwa ba, haske ta sani." Ɗigon ruwa ba shi da launi. Sai haske ya ratsa shi daga baya ko daga gefe, kuma abin da ke bayansa ya zama mai duhu, sannan yake fitowa. Daga ranar na daina ɗaga waya sama, na koma neman duhu: bakin zauren maƙwabcinmu, inuwar darbejiya, baƙar ƙofar ƙarfe. Da dare kuwa fitilar babur ɗaya ta isa ta fito da yayyafin da ido ma bai lura da shi ba.

A indararon soronmu na koyi saurin ƙiftawar kyamara, wato tsawon lokacin da idonta ke buɗewa ya karɓi haske. Idan na sa ta a 1/1000 na daƙiƙa, ruwan da ke zubowa sai ya tsinke ya zama ƙwaya-ƙwaya, kowace a tsaye a iska kamar an watsa duwatsun wuya. Idan na rage zuwa 1/30, sai ya haɗe ya zama farar igiya tun daga bakin indararo har cikin bokitin da Inna ta tara. A nan dole hannu ya nutsu, don haka nake kifa turmi in jingina wayar a kansa. Damina guda na yi a kan indararon nan, kuma ban ƙoshi ba.

Hadari ya fi ba ni wuya, saboda ba ya jira. Danshin damina iskar kudu maso yamma ce ke kawo shi daga tekun Atlantika, amma hadarin da ke zubar mana da shi galibi daga gabas yake tasowa ya nufi yamma. Haske mafi kyau yana zuwa ne mintoci kaɗan kafin ruwa ya sauko, musamman bayan la'asar, lokacin da rana ta yi yamma ta haska baƙin gajimaren da ya haɗu a gabas. Ganye ya yi shar, jar katanga ta ƙara ja, ga ƙura ta taso a gaba kamar bango. Sau da yawa ina ɗaki har abin ya wuce. A ƙarshe Inna na koma lura da ita: da zarar iska ta tsaya cik, sannan wata mai sanyi ta kaɗo, ta miƙe kwashe shanya, ni ma sai in ɗauki waya. Da wuya ta yi kuskure. Bakan gizo ma a gefen gabas yake fitowa da yamma, domin sai ka ba rana baya kake ganinsa.

Walƙiya kuwa ta koya mini tsoro. Na taɓa hawa soro don in kama ta. Ƙarar tsawa tana cin kusan kilomita ɗaya a daƙiƙa 3, kuma a ranar ban kai ga ƙirga biyu ba tsakanin haske da ƙara. Na sauko jikina na rawa. Yanzu daga cikin ɗaki nake ɗaukar bidiyo ta taga, in ya so in ciro hoton daga ciki.

Da hunturu sai aikin ya juye. Hazon Disamba da Janairu, wanda yawancin ƙurarsa iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga kwarin Bodele a Chadi, yana shafe inuwa da nisa. Wayar sai ta ɗauka laifi ne, ta yi ta ƙara launi tana gyara abin da ni shi nake son nunawa. Nakan kashe wannan gyaran, in rage haske kaɗan, sai rana ta fito fara sol kamar faifai, dogon ƙarfen sabis da ke bayan gari ya rage rabi. Kuskuren da na yi a nan shi ne goge gilashin da bakin riga. Ƙurar tana da kaifi, ta bar mini zane har yau. A hure tukuna, sannan a goge da ƙyalle mai laushi.

Duk Juma'a bayan sallar asuba, idan gari ya waye, ina tsayawa a kan dakalin ƙofar gida in ɗauki hoto ɗaya, fuskata a gabas. A cikinsa akwai gona, da hanya, da wani gawo. Tun ina yaro nake jin cewa gawo yana zubar da ganye da damina ya yi sabo da rani, amma sai da na jera hotunan na gani da idona: gero ya yi tsayi ya rufe gindinsa shi kuwa rassansa tsirara, sannan a watan da gona ta zama kara da ƙura, shi kaɗai ne kore, awaki a ƙarƙashinsa. Bana shamuwa ta riga ta iso, ta fara jan kirare zuwa kan tsamiyar masallaci, gawon kuma ya soma kakkaɓe ganye.