Turbar dorina a gonar Kawu

Juma'ar da ta wuce na je gida Yauri, bayan la'asar muka gangara bakin ruwa da kawuna zai duba komarsa. Masunci ne tun yana yaro, yana kuma da 'yar gonar shinkafa a fadama. Muna tafe sai ya ja ya tsaya, ya nuna min wata hanya da ta keto ciyawa daga ruwa har tsakiyar gona, laka duk ta dame, sawu ɗaya ya kai faɗin kwanon tuwo, ga yatsu huɗu raɗau. Ya ce "Ɗana, ka ga wagga turba? Nan take hawa in dare ya yi, damina uku ke nan ba ta sake ba." Dorina ce. Da rana tana kwance cikin ruwa, da dare ta fito kiwo, tana iya cinye ciyawa kusan kilo 40 kafin asuba, to in shinkafarka ce a gabanta sai dai haƙuri.

Abin ya tsaya min a rai saboda kwanakin nan ina ta bibiyar yadda masana ke zana taswirar inda namun daji suke. Aikin ba wani sihiri ba ne, ana tara wuraren da aka taɓa ganin dabbar da lambobin GPS, sai a haɗa da bayanan ruwan sama da zafi da irin ciyayin wurin da nisansa daga kogi, a zuba wa kwamfuta, akwai wata manhaja MaxEnt da aka fi amfani da ita, ita kuma ta lissafo sauran wuraren da suka yi kama da waɗancan ta shafa musu launi, ma'ana nan ma dabbar za ta iya zama. To amma fa abin da aka ba ta shi ta sani. Na buɗe GBIF a wayata, rumbun da ake tara irin waɗannan bayanai na duniya, na duba dorina, gabashi da kudancin Afirka ɗigo-ɗigo sun cika fal, namu ɓangaren kuwa kamar an share. Wallahi sai da na ji ba daɗi, ga sawu a gabana laka ba ta ko bushe ba.

Kuma ba dorina kaɗai ba. Ayu na nan cikin ruwan nan, Sarkawa sun san gurbin da yake kwanciya. A 2018 giwaye suka ɓullo wajen Koko/Besse da Bagudo a nan jihar Kebbi mutane na ta mamaki, alhali in ka kalli taswira Bagudo na iyaka da Benin, gandun dajin W kuma da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso ba wani nisa gare shi ba. Shi kansa kogin tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968 ruwa ya cinye gungu da fadamu da yawa, dabbobi suka sake mazauni, tsofaffinmu sun ga wannan da idonsu kuma suna ta tafiya da shi a ka.

Na ce Kawu, in na zo da waya za ka zaga da ni duk inda ka san tana hawa? Ya yi dariya ya ce in dai ba za a zo a harbe ta ba. Washegari da sassafe muka shiga kwalekwale, shi yana tuƙi yana nunawa da baki, ni ina ɗaukar hoton sawu da kashi ina sakawa a iNaturalist, manhajar da jama'a ke saka hoton dabba ko tsiron da suka gani da wurin da suka gan shi, mun samu turba 7 kafin rana ta yi zafi. Akwai wani gungu da ya hana mu matsawa, ya ce mai ɗa ce a wurin, sai ruwa ya ja baya za mu koma.