Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da Garang Ya Shigo Khartum

A makon jiya na tsaya a inda aka ba ni gado a ɗakin kwanan ɗalibai, mu huɗu: ni, da ɗan Chadi daga Abeche, da ɗan Somaliya, da wani ɗan Muritaniya mai haddar baitocin nahawu kamar ruwa. Masu aiko mini da saƙo a kan maganar auren nan da aka fara a gida kafin tahowata su ƙara haƙuri, tana nan tafe. Yau siyasa za mu taɓa, domin ba yadda za a yi mutum ya zauna a Khartum a shekarar 2005 ya ce bai sha siyasa ba. Ko ba ka nema ba, za a zuba maka ita a kofin shayi.

A can mata ne ke sana'ar shayi. Kowace bishiyar darbejiya da ke bakin titi tana da tata mai shayin, da 'yan kujerun zare gajeru, da gawayi, da turaren wuta. Tamu 'yar Dutsen Nuba ce, muna kiranta Hajja, ita kuma kowa ɗanta ne. A wajenta na fara shan zoɓo da zafinsa, da gahawa mai citta. Direban bas, malamin jami'a, ɗan sanda da ya tashi daga aiki, duk a nan ake haɗuwa. Mutum ɗaya zai sayi jarida, goma su karanta, sannan gardama ta kaure. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda za a yi wa gwamnati tatas da murya sama, a kuma biya wa ɗan sandan kuɗin shayinsa. Ana dai rage murya idan baƙuwar fuska ta zauna ta daɗe ba ta ce komai ba.

Watanni na yi ina jin sunaye ban san inda suka dosa ba, har Allah ya haɗa ni da wani dattijo Bahaushe, tela a unguwar Mayo da ke kudancin birnin. Yaga aka yi mini a riga na kai ɗinki, ya ji ina lissafin kuɗi da Hausa a ƙasa-ƙasa (lokacin dinari ake kashewa amma mutane da tsohon fam suke faɗin farashi, sai ka raba da goma), ya ɗago kai ya ce, "Yarona, mutumin ina ne?" Hausarsa irin ta tsofaffin Sakkwato ce, an yayyafa mata Larabci. Bai taɓa taka Najeriya ba. A Mai Wurno aka haife shi, garin da ke gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da mutanen da suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903. Kakansa da niyyar Makka ya fito, noman auduga a Jazira ya riƙe shi. Daga ranar na mai da shagonsa wurin zuwana duk Juma'a bayan an sauko.

Shi ya warware mini zaren. Ya ce, "Idan kana son gane ƙasar nan, fara da gida biyu." Gidan farko na Mahadi ne, Muhammad Ahmad, wanda ya yi shela a tsibirin Aba a 1881, mutanensa suka ci Khartum a Janairun 1885 suka kashe Gordon, daularsu ta tsaya har Turawan Ingila da sojan Masar suka karya ta a Karari a 1898. Mabiyansa su ne Ansar, jam'iyyarsu Umma, jagoransu a lokacin Sadiƙul Mahadi. Gida na biyu na Mirgani ne, masu ɗariƙar Khatmiyya, waɗanda tun asali ba su ga-maciji da Mahadiyya, suka fi karkata ga Masar. Tun samun 'yancin kai ranar 1 ga Janairun 1956, duk zaɓen da aka yi na gaskiya tsakanin gidajen nan biyu ake raba yawancin ƙuri'a. Mutum ba ya tambayar manufar jam'iyya, inda kakansa ya yi mubaya'a nan yake dangwalawa. Idan suka gaji da jan-in-ja sai soja ya shigo: Abbud a 1958, Numairi a 1969, Bashir a 1989. Zuwa lokacin kuma sau biyu jama'ar gari suka fito titi suka kori sojan, a Oktoban 1964 da Afrilun 1985, kuma Sudaniyawa na alfahari da wannan ƙwarai. Suna cewa sun riga duk Larabawa.

Na ce, "Baba, to Turabi fa, wane gida yake?" Ya yi dariya har ya ajiye almakashi. Ya ce ai Hasan Turabi, jagoran masu ra'ayin Islama, surukin gidan Mahadi ne, ƙanwar Sadiƙ yake aure, kuma shi ya ƙulla juyin mulkin Bashir na 1989 da ya kifar da gwamnatin Sadiƙ ɗin. Da aka yi juyin, har da shi aka kwashe zuwa kurkukun Kobar tare da sauran 'yan siyasa, don kada Masar da Amurka su gane cewa masu ra'ayin Islama ne a bayan abin. Shekara goma yana juya gwamnati daga bayan labule, sai a Disambar 1999 Bashir ya rushe majalisar da Turabi ke shugabanta. Lokacin da muke wannan hira Turabi na tsare da gaske, a hannun yaran da ya rena. Mu da muka taso muna jin sunansa a bakin 'yan'uwa a makarantun gida kamar waliyyi, sai ga shi a Khartum rabin masu shan shayi na ɗora masa alhakin duk abin da ya lalace. Ni dai har yau ina ganin mutum ne mai kaifin ƙwaƙwalwa wanda ya ɗauka zai iya hawan soja kamar doki, ya manta cewa dokin ma yana da inda yake son zuwa.

Maganar Darfur ce ta fi tsaya mini a rai. A gida an saba ba mu labarin yaƙin Sudan a matsayin Musulmin arewa da Kiristocin kudu, kowa ya san ɓangaren da zai tsaya. Darfur kuwa ba coci a cikin lissafin. Fur da Masalit da Zagawa Musulmi ne, ƙasarsu cike da makarantun allo irin tsangayunmu, da alarammomi masu rubuta Alƙur'ani da ka. Waɗanda aka ba bindiga da dawakai suka ƙona musu ƙauyuka su ma Musulmi ne, Malikawa, masu salla ɗaya da su. Abokin ɗakina ɗan Abeche yana da dangi a ɓangarorin iyaka biyu, kuma a gabashin ƙasarsu aka kafa sansanonin waɗanda suka gudo. Shi ya fara ba ni labarin Baƙin Littafi, wasu takardu da aka rarraba a ƙofofin masallatan Khartum a shekarar 2000 ba sunan marubuci. An jera sunayen ministoci da manyan hafsoshi da shugabannin bankuna tun daga 1956, aka nuna cewa yankin arewacin kogi, wanda mutanensa wajen kashi biyar ne kacal cikin ɗari na al'umma, shi ke riƙe da mafi yawan kujerun. Ƙabilu uku ake nufi: Ja'aliyyin, Shaigiyya da Danagla. Abbud Bashaigiye ne, Numairi daga Danagla, Bashir daga Ja'aliyyin na wajen Shandi. Daga baya aka san cewa masu alaƙa da ƙungiyar tawayen Darfur ta Khalil Ibrahim ne suka rubuta, kuma da yawansu tsofaffin almajiran Turabi ne da suka gane cewa 'yan'uwantakar aƙida ba ta kai su ɗakin da ake raba muƙami ba. A lokacin sojojin Najeriya na Darfur ƙarƙashin Tarayyar Afirka, ana kuma zaman sulhu a Abuja, saboda haka duk inda na ce ni ɗan Najeriya ne sai a tambaye ni me Obasanjo yake nufi, kamar tare muke kwana.

Na taɓa tambayar Baba tela inda Hausawa suke a wannan rabo. Bai amsa nan take ba, sai da ya gama zura zare. Ya ce dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta shar'anta cewa sai wanda kakansa na wajen uba ke zaune a Sudan kafin ƙarshen 1897. Mutanen Burmi kuwa bayan 1903 suka iso. "Shekara nawa ne tsakani, yarona? Da su aka riƙa auna mu." An sassauta dokar daga baya, shi ma yana da takardunsa, amma ya ce har gobe idan ɗansa ya je neman wata takarda sai an tambaye shi ƙabila, idan ya faɗa sai a ce ya kawo shaidu. Su suka noma audugar Jazira da dawar Gadarif, su ke kamun kifi a kogi, su ke gasa naman agashe da duk Khartum ke layi a kai da yamma.

Ana cikin haka aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Nairobi ranar 9 ga Janairun 2005, bayan doguwar tattaunawa a Naivasha. Yaƙin kudu ya faro tun 1983, ya ci rayuka wajen miliyan biyu. Aka amince a raba kuɗin man kudu biyu daidai, shari'a ta tsaya a arewa, bayan shekara shida 'yan kudu su zaɓi zama ko rabuwa. Ranar Juma'a 8 ga Yuli John Garang, madugun 'yan tawayen kudu, ya sauka a Khartum. Na je Koren Fili da ƙafata, kuma ban taɓa ganin taro irin wannan ba, har a Arfa da na je daga baya sai dai a ce sun yi kusa. Ba 'yan kudu kaɗai ba ne. Ga Nubawa, ga 'yan Darfur, ga Beja na gabas da gashinsu, ga samarin arewa 'yan boko. Hajja ta rufe shayinta ranar, abin da ko ranar idi ba ta cika yi ba. Garang ba rabuwa yake wa'azi ba, Sabuwar Sudan yake cewa, wadda Badinke (ɗan ƙabilar Dinka ta kudu) ko Bafure zai iya shugabanta. Washegari aka rantsar da shi mataimakin shugaban ƙasa na farko.

Sati uku ya yi a kujerar. Ranar 30 ga Yuli jirgi mai saukar ungulu na shugaban Uganda, wanda ya ɗauko shi daga wajen Museveni, ya faɗi a duwatsun kan iyaka. Da safiyar Litinin 1 ga Agusta aka tabbatar da rasuwarsa, kafin azahar hayaƙi ya tashi a tsakiyar birni. Samarin kudu, waɗanda ba wanda zai iya gamsar da su cewa hatsari ne, suka fasa shaguna suka ƙona motoci, suna dukan duk wanda suka ga ya yi kama da Balarabe. Washegari aka juya, 'yan arewa suka fito da sanduna da wuƙaƙe suna ramuwa a unguwannin bayan gari. An sa dokar hana fita daga magariba zuwa asuba. Mutum sama da ɗari suka mutu a kwanakin nan.

Ina hanyar Mayo abin ya same ni, na ƙarasa shagon Baba da gudu. Ya ja ni ciki ya sa sakata. Ya dube ni sama da ƙasa, ina sanye da farar jallabiya da na saya don in saje da mutanen gari, ya ce, "Cire wannan. Waɗancan za su ga rigar, waɗannan za su ga fatar. Mu a rana irin ta yau ba mu da layi." Ya ba ni wata tsohuwar taguwa da wani ya kawo gyara bai dawo karɓa ba. A gidansa na kwana, matarsa ta yi mana tuwon dawa da miyar kuɓewa busasshiya, maƙwabcinsa Badinke ya turo 'ya'yansa mata biyu suka kwana a ɗakinta, don an ce za a shigo unguwar da dare. Ba a shigo ba.

Da na koma makaranta na tarar da ɗakin kallo a cike, an kafa wa Aljazeera ido, kuma rabin labarin ba na Sudan ba ne. A ranar Litinin ɗin nan Sarki Fahad na Saudiyya ya rasu. Kafin la'asar an ce ɗan'uwansa Abdullahi ne sarki, washegari aka binne mamacin a maƙabartar Al-Ud da ke Riyad, kabari ba suna ba gini. Ɗaliban da suka yi zama a Saudiyya suna ta yaba lafiyar abin, ba harbi ba ƙone-ƙone. Ɗan Somaliya, wanda ƙasarsa ba ta da gwamnatin kirki tun faɗuwar Siyad Barre a 1991, ya ce shi ko sarkin gado ne a ba shi, ya gaji. Ɗan Chadi ya ce masa ai shirun da ba a tambayi kowa ba, ba lafiya ba ce. Suka kusa ba hammata iska.

Ranar Laraba kuma sai ga abokinmu na Muritaniya ya shigo da gudu ba takalmi. Shugabansu Ma'awiya Wuld Taya ya je ta'aziyyar Fahad, sojoji suka karɓe Nuwakshot a bayansa ƙarƙashin Kanar Ali Wuld Muhammad Fal, shugaban 'yan sandansa na shekara da shekaru. Jirginsa ya rasa inda zai nufa, sai a Yamai ya sauka. Abokin namu murna yake har da hawaye, domin bai taɓa yafe wa Wuld Taya ƙulla hulɗar jakadanci da Isra'ila a 1999 ba, ga malamai da aka cika kurkuku da su. Ya ce mana shi ma Ma'awiyan haka ya samu mulki a 1984, ya jira Wuld Haidalla ya tafi taro Burundi. Daren nan shi ya sayi shayin kowa, da kuɗin da aka aiko masa na littattafai.

Aka binne Garang a Juba ranar Asabar, Salva Kiir ya gaje shi, aka ɗage dokar hana fita. Hajja ba ta dawo gindin bishiyarta ba sai bayan sati biyu, ta rame, ta ce an ƙona rumfar ƙaninta a Haj Yusuf. Da aka fara gardamar ko 'yan kudu za su zaɓi haɗin kai idan shekara shidan ta cika, ita da ba ta saba sa baki ba ta ce, "Ya waladi, sun riga sun tafi." Malamin jami'ar da ke wurin ya yi ta kawo mata hujjoji daga cikin yarjejeniya. A Janairun 2011 kusan kashi 99 cikin ɗari suka zaɓi rabuwa.

Azumi ya kama a farkon Oktoba na shekarar, Baba tela ya ce ba zan sha ruwa a ɗakin makaranta kamar maraya ba, zai kai ni Mai Wurno in ga dangi. Yadda mutanen wani ƙauye suka tare motarmu a hanyar Madani da rawani miƙe a tsakiyar titi, da abin da na tarar a fadar Sarkin Mai Wurno, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.