Wai ina kalmar "ɗan banga" ta samo asali?

Ranar da kakana ya ce min "ai ni ɗan bangar NEPU ne" (tsohuwar jam'iyyar nan ta su Malam Aminu Kano) wallahi sai da gabana ya faɗi, don ni a sanina ɗan banga shi ne yaron nan da ake ɗurawa ƙwaya a ba shi gora ranar kamfen. Shi kuwa tsohon da alfahari ya faɗa, har da gyara zaman hula.

Kalmar dai aro ce, daga vanguard ta Turanci, su ma Turawan Ingila daga Faransanci suka ɗauko ta, ma'anarta rundunar da ke shiga gaba a fagen yaƙi. Bahaushe ba ya da harafin v, sai ya mai da shi b, ya datse wutsiyar, ta koma banga. Akwai kuma wata banga tamu ta gado, ƴar ƙaramar gangar nan ta makaɗan fada, wannan daban ce, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Da aka kafa NEPU a Kano a 1950, abokiyar hamayyarta NPC kuma ta zama jam'iyya sosai a 1951, kowane ɓangare sai ya tara samarinsa, su ne masu yin gaba su share fili, su tsare lacca, su raka shugaba gida. Kakana ya ce shi aikinsa riƙe tebirin da mai lacca ke hawa, don in ƴan adawa suka zo tebirin suke fara nema su kifar, kuma ko sisi ba a taɓa ba shi ba, sai ma shi da yake cire kuɗin katin jam'iyya daga aljihunsa, ga ƴan doka ga alkali suna jiran ka yi kuskure kaɗan. Ba wai a lokacin babu duka ba fa, akwai, an fasa kawuna da yawa. Amma mutum ya san dalilin da ya sa ya tsaya a wurin.

Hausa ba ta rasa sunaye ga mai ɓangare, akwai ɗan ga-ni-kashe-ni, akwai ɗan a-mutu, sannan da jam'iyyar PRP ta dare biyu a 1980 aka samu ƴan taɓo na Malam Aminu da ƴan santsi na su Abubakar Rimi da Balarabe Musa. Duk waɗannan babu wacce ta lalace kamar banga. Yanzu in aka ce bangar siyasa ba a nufin aƙida ko kaɗan, haya ake nufi, yau yana nan gobe yana can, wanda ya fi biya shi ke da shi. Abin yana min ciwo gaskiya.

Sai kuma ga ta a labarai da wata rigar, ƴan banga masu gadin gari da bindigar toka, waɗanda wasu ke kira ƴan sintiri. Da na faɗa wa kakana haka shiru ya yi, can ya ce to su dai waɗannan ko ba komai gaba suke shiga.