Igiyar Toyota a ɗakin haihuwa

Ranar da aka ce za a koya mana tsarin masana'antar mota, dariya na yi. Na ce wa abokiyar aikina, "To, masu naƙuda sun zama Corolla ke nan?"

Kabad ɗinmu ne ya rufe min baki. Da muka zazzage shi, sai ga allurai da wa'adinsu ya wuce, ga almakashin da muka daɗe muna zargin masu aikin dare da ɓatarwa. Muka yi wa kowane kaya mazauni da suna. Safar hannu kuwa kwali biyu muke ajiyewa: na gaba ya ƙare, a kai katinsa sito, a buɗe na baya. Taiichi Ohno, wani injiniyan Toyota, ya tsinci wannan dabara ne daga yadda manyan kantunan Amurka ke cike gurbin abin da aka saya. Tun daga nan ban ƙara aiken ɗan'uwan mai haihuwa kemis da tsakar dare neman safa ba.

Wannan mai sauƙin ne. A Toyota akwai igiya a saman layin haɗa mota. Ƙaramin ma'aikaci ya ga matsala sai ya ja, shugabansa ya taho, in ta kama a tsayar da layin a tsayar. Asibitin Virginia Mason da ke birnin Siyatil na Amurka ya tura manyansa Japan a 2002, suka dawo da irinta: kowane ma'aikaci na da ikon ɗaga murya idan ya hango haɗari ga majinyaci.

Mu ma aka ce mana haka a taro, kowa ya gyaɗa kai. Wani dare wata ɗaliba ta ga zanen mai jego ya jiƙe da jini fiye da ƙima, ta tsaya a bayana tana murza yatsu. Allah ya sa na waiwaya. Bayan mun tsayar da jinin na tambaye ta dalili.

"Sista, na ga kina magana da Likita ne."

Na so in yi faɗa, sai na tuna tsawar da na daka mata kwana uku kafin nan, don ta katse ni.

Makon jiya ta tashe ni ƙarfe uku na dare. Na je na duba, lafiya lau, ba komai. Barci na cin idona, na haɗiye abin da ya zo bakina, na ce, "Madalla. Gobe ma ki kira ni."