Hedifon mai araha da kunne ɗaya ya mutu: abin da muke dubawa kafin mu taɓa almakashi

A sana'ar gyaran ƙananan kayan lantarki, babu abin da ake kawowa da raini kamar hedifon mai araha. Mai shi zai ajiye shi a teburi ya ce, "Kunne ɗaya ya mutu, ko dai in jefar?" Mu kuwa ba ma saurin yanke masa hukunci, domin a mafi yawan lokuta sifikar lafiyarta lau. Igiya ce ta tsinke daga ciki, robar waje kuma ta rufa mata asiri.

Kafin komai, a jona shi a wata waya ko kwamfuta. Idan can ya yi magana da kunne biyu, to laifin ba nasa ba ne. Ramin da ake soka fulogi a jikin waya yana tara ƙura da zaren aljihu, har su dunƙule a ƙasa su hana fulogin shiga duka. Ɗan siririn tsinke na katako ya isa ya zaƙulo su, bayan an kashe wayar. A leƙa saitin sauti ma, domin akwai ma'aunin da ke karkatar da ƙara zuwa hagu ko dama, kuma yatsa kan goge shi ba da sani ba. Idan ƙaramin iyafis ne mai shiga cikin kunne, kuma ƙarar ce ta ragu ba ta ɗauke gaba ɗaya ba, a dubi ragar bakinsa. Dattin kunne kan toshe ta tamkar an shafe ta da kakin zuma. Busasshen buroshin haƙori, bakin yana kallon ƙasa, shi ne maganinsa.

Idan duk wannan bai kawo sauƙi ba, sai a kunna sauti, a bi igiyar da yatsu biyu ana lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan. Wurare uku ne take yawan karyewa: gindin fulogi, mahaɗar da igiyar ta rabu biyu, da inda ta shige cikin kunnen. Gindin fulogi ya fi kowanne shan wahala, saboda nan ne yake tanƙwarewa duk lokacin da aka zauna da waya a aljihu. Inda sautin ya dawo ya sake ɗaukewa, a sa alama da ɗan salatif.

Mita, wato na'urar awon lantarki, tana tabbatar da abin da yatsa ya gano. Fulogin da aka saba gani faɗinsa milimita 3.5 ne, kuma baƙaƙen zobba sun raba shi kashi-kashi. Mai zobe biyu kashinsa uku: tsinin na kunnen hagu ne, na tsakiya na dama, na gindi kuma shi ne layin da kunnuwan biyu suke tarayya a kai, wanda muke kira giraun. A sa mita a ma'aunin om, wato awon turjiyar da layi ke yi wa wuta, a auna daga tsini zuwa gindi, sannan daga tsakiya zuwa gindi. Yawancin ƙananan hedifon suna nuna wajen om 16 zuwa 32, kuma ya kamata ɓangarorin biyu su yi kusan daidai. Wanda bai nuna komai ba, layinsa a yanke yake. Sai dai mita daga fulogi ba za ta ce ko igiya ce ko sifika ba. Don haka a buɗe kunnen da ya mutu, a auna kai tsaye a ɗigon dalma biyu da ke bayan sifikar. Wanda ba shi da mita zai iya taɓa su da batir mai bolt 1.5, taɓawa ɗaya a ɗage. Idan an ji "ƙas", sifikar tana da rai.

Akwai wata alama da ke rikita mutane. Kunnuwa biyu suna magana, amma kiɗa ne kawai ke fitowa, muryar mai waƙa ta yi nisa kamar daga cikin rijiya. Wannan giraun ne ya katse, ko kuma fulogin bai shiga duka ba. Idan giraun ya tafi, abin da ke kai wa kunne shi ne bambancin hagu da dama kaɗai, murya kuwa a tsakiya ake ajiye ta, don haka ita ce ke ɓacewa.

Sauya fulogi shi ne aikin da muka fi yi, kuma a nan ne sabon shiga ya fi cin tuntuɓe. A yanke igiyar kamar santimita 3 sama da inda ta karye. Kafin a yi komai, a zura murfin sabon fulogin da ɗan bututun roba mai tsukewa da zafi a jikin igiyar. Duk mai gyara ya san takaicin gama liƙi mai kyau sannan ya hangi murfin a kan teburi. A feɗe robar waje kamar santimita ɗaya da rabi, a hankali, domin silin da ke ciki bai fi gashi kauri sosai ba.

Silin nan ba tsirara suke ba, ko da ido ya ga kamar haka. Kowanne an shafe shi da wani fenti mai hana wuta wucewa, shi ya sa suke kwance tare ba sa haɗuwa. Galibi ja na dama ne, kore ko shuɗi na hagu, mai kalar jan ƙarfe kuma giraun, amma kamfanoni ba su yi wa kowa alkawarin bin wannan tsari ba, saboda haka mita ce alƙali. Idan ba a cire fentin ba, dalma za ta zauna a kai kamar ta kama, sauti kuma ba zai wuce ba. Wasu suna ƙona shi da ashana, ni dai ban yarda da hakan ba: wuta tana bar wa silin baƙin hayaƙi kuma tana sa shi gautsi. Abin da ya fi shi ne a kai zafin ayan, wato ƙarfen liƙi mai narkar da dalma, wajen digiri 380 na Salsiyas, a tara ɗigon dalma a bakinsa, a tsoma milimita 2 zuwa 3 na ƙarshen silin a ciki na 'yan daƙiƙu. Fentin zai ƙone ya yi hayaƙi, silin ya fito fari yana sheƙi. Farin zaren da ke tsakiyar silin, wanda aka sa don ƙarfi, a datse shi tukuna, in ba haka ba zai narke ya ɓata wurin.

Daga nan a shafa wa ƙafafun fulogin dalma, a ɗora kowane sili a mazauninsa, a taɓa da ayan a ɗage. Kada a daɗe, domin zobban da suka raba fulogin roba ne, zafi yana narkar da su sassan su haɗe. A gwada sauti kafin a rufe. Sannan a matse 'yan kunnuwan ƙarfen da ke gindin fulogin a kan robar waje, yadda idan an ja igiya su ne za su ɗauki nauyin ba liƙin ba. Gyaran da aka tsallake wannan mataki ba ya kai ko'ina.

Fulogin hedifon mai makirufo zobensa uku, kashinsa huɗu. A tsarin CTIA, wanda kusan duk wayoyin yanzu suke bi, jerin daga tsini shi ne hagu, dama, giraun, makirufo. Tsohon tsarin OMTP ya musanya biyun ƙarshe. Wanda ya juya su zai ji sauti a shaƙe, sai ya danne maɓallin amsa kira sannan ya washe.

Idan karayar a bakin kunne take, a yanke ɓangaren da ya lalace, a tura lafiyayyar igiya ciki, a ƙulla ta sau ɗaya daga ciki don kada ta zare, a liƙa. A nan ayan kada ya wuce daƙiƙa 2 ko 3, saboda a jikin ɗigon nan ne aka liƙa ƙarshen koyil, wato siririn silin da ke naɗe a cikin sifikar, kuma idan ya ɓalle mayar da shi sai mai haƙuri da tabarau. A ɗauki hoto kafin a cire tsohuwar igiya. Idan aka juya sili biyun a kunne ɗaya, sauti zai fito, amma nauyin ganga zai ragu, mai sauraro ya kasa gane daga ina muryar take zuwa.

Zizar da ake ji idan ganga ta buga, sau da yawa gashi ne guda ɗaya ya ratsa soso yana taɓa fatar sifikar. A zare shi da hantsaki. Idan fatar ce ta lotsa, ɗan salatif mara ƙarfi kan ɗago ta. Soso da ya ruɓe a sauya shi kawai, a auna faɗin kunnen a nemo daidai. Maɗaurin kai da ya tsage kuwa gam mai saurin kamawa ba ya riƙe shi, tunda wurin kullum a cikin buɗewa da tsukewa yake. Sai an ɗora masa ɗan siririn ƙarfe a baya, an ɗaure da zare, an bi da gam mai haɗi biyu. Shi mai saurin kamawar kada ma ya kusanci sifika, tururinsa yana bar wa kewaye farin tabo.

Akwai inda muke gaya wa mai kaya gaskiya ya sayi sabo. Koyil da ya ƙone a hedifon mai araha bai cancanci nema ba, don ko an samu wata sifika mai faɗi ɗaya, da wuya ƙararta ta dace da ta ɗaya kunnen. In za a sauya, a sauya biyun. Iyafis da aka manne da gam yakan fashe wajen buɗewa. Igiyar da robarta ta fara danƙo ko tsattsagewa, an gyara nan gobe can zai buɗe, sai dai a sauya ta ɗungurungum. Na Bluetooth da batirinsa ya kumbura a daina caja shi nan take, kada a matsa shi, kada a huda. Kuma idan kuɗin kaya da na aiki sun doshi rabin kuɗin sabo, ba ma ɓoye wa mutum lissafin.

Mai sayen sabo ya dubi abin da zai fara lalacewa, ba kwalliyar kwali ba. Wanda igiyarsa ke cirewa ya fi, domin ranar da ta karye sabuwa kawai za a soka. Fulogi mai lanƙwasa ya fi miƙaƙƙe jure zaman aljihu, kuma robar gindinsa ta kasance doguwa mai laushi. Samfurin da ya daɗe a kasuwa shi ma yana da ranarsa: Koss Porta Pro tun 1984 ake yin sa, om 60 ne, kuma har yanzu ana samun sosonsa daban. Idan an tashi cirewa a kama fulogin ba igiyar ba, a naɗe ta sakwa-sakwa a yatsu huɗu, kada a ɗaure ta tamau a jikin waya alhali fulogin yana soke.